Danna jijiya irin na Sinawa ya iso Jega da Aliero: Me yake warkarwa, me kuma yake jinkirtawa?

Bidiyon ba ya cika wuce minti ɗaya. Ana nuna hannun mutum, a danna tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, sannan wata murya ta bayyana da Hausa cewa wurin yana kawar da ciwon kai nan take. Wani bidiyon kuma tafin ƙafa yake nunawa, an zana shi gida-gida: nan hanta, can ƙoda, can kuma zuciya.

Irin waɗannan bidiyoyi sun cika TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma wayoyin mutanen Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi ba su tsira daga gare su ba. Tare da su akwai kayan da ake tallatawa a garuruwan Arewa da sunan maganin Chana: silifa mai ƙusoshin roba, da sandar tausa, da ganyen shayi, da kuma wata na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, mutum ya riƙe ƙarfenta, cikin 'yan mintoci a buga masa jerin cututtukan da aka ce suna jikinsa.

Dukkan waɗannan sun jingina ne da wata tsohuwar fahimta ta likitancin gargajiyar ƙasar Sin, wadda ke cewa akwai magudanan kuzari a jikin ɗan Adam, kuma akwai gurabe a kansu da ake dannawa ko a soka wa allura domin samun lafiya.

Ga manomin albasa a Aliero da ya wuni a sunkuye yana ban-ruwa, ko ɗan dako a kasuwar Jega da ƙugunsa ya riƙe, maganar ta wuce nishaɗin waya. Magana ce ta inda zai kai ɗan kuɗin da ke hannunsa, da kuma ranar da zai yanke shawarar zuwa asibiti.

Mene ne ainihin magudanan kuzari?

A fahimtar Sinawa ta dā, rayuwa na tafiya ne da wani kuzari da suke kira chi, wanda ke gudana a jiki kamar yadda ruwa ke bin magudanai a fadama. Idan gudanar ta toshe ko ta yi rauni, sai ciwo ya taso. Manyan magudanan guda 12 ne, kowanne an danganta shi da wani sashe na cikin jiki kamar huhu ko hanta ko tumbi, sannan akwai wasu guda 8 na musamman.

Littafin da ya zama tushen wannan ilimi, Huangdi Neijing, an harhaɗa shi ne fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Akwai ma rubuce-rubucen da suka girme shi, waɗanda aka tono a wani kabari a Mawangdui da aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A cikinsu magudanai 11 aka lissafa, kuma ba a ambaci soka allura ba, sai dai ɗumama fata da garwashin wani ganye. Wannan ya nuna cewa taswirar ta daɗe tana sauyawa kafin ta tsaya a yadda aka san ta yau.

A shekarar 1027, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ƙananan huji a kowane gurbi, domin koyar da ɗalibai da jarraba su.

Sai dai ko a ƙasar Sin ba kullum aka yarda da abin ba. A 1822 sarkin ƙasar ya haramta koyar da soka allura a makarantar likitocin fada. A 1929 gwamnatin lokacin ta yi yunƙurin soke likitancin gargajiya baki ɗaya. Gwamnatin Mao Zedong ce ta farfaɗo da shi a shekarun 1950, a daidai lokacin da ƙasar ke da ɗaruruwan miliyoyin mutanen karkara da likitocin zamani ƙalilan.

Duniya ta ƙara sanin labarin a 1971, bayan da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya rubuta yadda aka yi masa tiyata a Beijing kuma aka soka masa allurai don rage raɗaɗin da ya biyo baya. A 2008 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, mai kula da yammacin tekun Fasifik ya fitar da daidaitaccen jerin gurabe 361. Kafin nan, masanan Sin da Japan da Koriya sun saɓa wa juna kan ainihin wurin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na guraben.

Dalilin da ya sa maganar ke shiga kunnen Bahaushe

Abu na farko shi ne harshe. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar hanyar jini, da igiyar da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, da kuma wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Idan mai talla ya fassara magudanar kuzari da jijiya, mai sauraro zai ɗauka ana nufin wani abu ne da likita zai iya gani idan ya buɗe jiki. Gaskiyar ita ce har yau masu nazarin sassan jiki ba su gano waɗannan magudanai ba. Wani masani ɗan Koriya ta Arewa, Kim Bong-han, ya yi iƙirarin ganinsu a shekarun 1960, amma ilimin likitanci bai karɓi iƙirarin nasa ba.

Abu na biyu shi ne kamanceceniya. Sinawa na raba cututtuka zuwa na sanyi da na zafi, kuma Bahaushe ya daɗe yana danganta ciwon gaɓoɓi da sanyi. Kofin da suke kafawa a baya don janyo fata ɗan'uwan ƙahon wanzami ne, wanda ake yi don fitar da abin da ake kira mataccen jini, ga kuma hijama da ta tabbata a sunna. Lokacin da aka ga jajayen da'irori a kafaɗar ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016, Turawa sun yi ta mamaki, alhali duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya san tabon ƙaho.

A wannan yanki na masarautar Gwandu kuwa, jinya da hannu tsohuwar sana'a ce. Bayan albasa, babu abin da aka fi sanin Aliero da shi kamar ɗori. Ana kawo masu karaya da targaɗe da gocewar ƙashi daga jihohi daban-daban, har ma daga ƙetaren iyaka, zuwa gidajen maɗoran garin, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni. Al'ummar da ta saba ganin an shafa ƙashi an mayar da shi mazauninsa ba za ta yi mamakin jin cewa danna wani wuri a jiki na iya kawo sauƙi ba.

Abu na uku shi ne aljihu. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, musamman bayan da kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Mai hawan jini da aka ce zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa yana da dalilin sauraron wanda ya ce masa silifa ɗaya ta wadatar.

Abin da bincike ya tabbatar

Kuskure ne a ce babu komai a cikin lamarin. An yi gwaje-gwaje masu yawa, kuma sakamakonsu ya ba ɓangarorin biyu mamaki.

Ɗaya daga cikin mafi girma shi ne wanda aka yi a Jamus aka wallafa a 2007, kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An raba su gida uku. Rukuni na farko an soka musu allurai a guraben da littattafan Sinawa suka tanada. Na biyu an soka musu sama-sama a wuraren da ba gurabe ba ne. Na uku kuma an ba su kulawar da aka saba, wato magunguna da motsa jiki.

Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin 100 na rukunin farko sun samu sauƙi, rukuni na biyu kashi 44.2, na uku kuwa kashi 27.4. Ma'ana, allurar ta fi kulawar da aka saba amfani, amma kusan babu bambanci tsakanin sokawa a gurbin da taswira ta nuna da sokawa a wani wuri daban.

Wani nazari da ya haɗa bayanan marasa lafiya kusan 18,000, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa soka allura na taimakawa ga daɗaɗɗen ciwon baya da wuya da gwiwa da ciwon kai, ko da yake fifikonta kan allurar gwaji ɗan kaɗan ne. Masana na danganta sauƙin da abubuwa kamar sinadaran rage raɗaɗi da jiki ke saki da kansa, da natsuwar da mutum ke samu idan an zauna an kula da shi, da kuma tsammanin samun waraka.

Akwai gurbi guda da ya fi sauran samun shaida. Yana cikin hannu, kimanin faɗin yatsu uku daga wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu. Gwaje-gwaje da dama sun nuna danna shi na rage tashin zuciya da amai bayan tiyata.

Hukumomin lafiya ma ba su tsaya a matsaya guda ba. A Birtaniya, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce a 2016 kada a yi amfani da soka allura don ciwon ƙugu, amma a 2021 ta ce ana iya gwada ta ga wani nau'in daɗaɗɗen ciwo da ba a gano musabbabinsa ba. A Amurka, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati ya fara biyan kuɗinta don ciwon ƙugu a 2020. WHO ta sanya babi na likitancin gargajiya a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, tare da bayyana cewa an yi hakan ne don tattara alƙaluma, ba amincewa ce da ingancin kowace jinya ba.

Taƙaitaccen abin da shaidun suka nuna shi ne ana iya samun rangwamen raɗaɗi da tashin zuciya. Babu ingantacciyar shaida cewa danna tafin ƙafa na warkar da ciwon suga, ko wanke ƙoda, ko maye gurbin maganin hawan jini, ko kawar da ciwon daji. Haka zalika na'urar da ake riƙe ƙarfenta ba ta cikin kayan da likitanci ya amince da su wajen gano cuta.

Inda haɗarin yake

Danna tsokar hannu ba ya kashe kowa. Abin tsoron shi ne lokacin da ake ɓatawa.

A watan Maris na 2025, gwamnatin Kebbi ta tabbatar da rasuwar mutum 26 sakamakon cutar da ake zargin sanƙarau ce, mafi yawansu a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero ta sallami ɗalibai na wani lokaci bayan rasuwar wasu daga cikinsu.

Alamomin farko na sanƙarau su ne zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da riƙewar wuya da amai. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da bidiyoyin waya ke koyar da yadda za a magance su da yatsa. Sanƙarau na iya kashe mutum cikin awa 24, kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yi a asibiti ce ke ceton rai. Uwar da ta kwana tana danna wa ɗanta keya da fatan ciwon zai lafa ta yi asarar daren da ya fi kowane muhimmanci.

Haka abin yake ga hawan jini, wanda ƙiyasi ke nuna yana damun kusan mutum uku cikin kowane baligi goma a Najeriya. Cutar ba ta cika nuna alama ba. Mutum zai iya ajiye ƙwayoyinsa, ya riƙa taka silifar tausa, ya ji jikinsa garau, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye.

Soka allura kuma na da nata haɗarin idan ta faɗa hannun wanda bai ƙware ba. Allurar da ta yi zurfi a ƙirji ko saman baya na iya huda huhu, kuma wadda aka maimaita tsakanin mutane na iya yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kamar dai askar wanzami idan ba a tsaftace ta ba. Su kansu malaman Sinawa suna hana danna wasu gurabe ga mai juna-biyu, ciki har da wancan na tsakanin babban yatsa da manuni da bidiyoyi suka fi nunawa.

Ganyayyakin da ake haɗawa da su ma ba a rasa abin lura. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam sun gamu da lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka cakuɗa da ganye mai guba cikin kuskure.

Wa ke sa ido?

A takarda, Najeriya na da dokoki. Gyaran da aka yi wa dokar likitoci a 1992 ya sanya masu soka allura da wasu nau'o'in jinya na daban ƙarƙashin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN. Akwai hukumar bunƙasa magungunan gargajiya, NNMDA, a Legas tun 1997, da manufar ƙasa kan maganin gargajiya ta 2007, da kuma sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da aka buɗe a 2018. Sai dai kwalejin tarayya da ke koyar da irin wannan jinya a Abuja an rufe ta a 2010, kuma ƙudirin kafa majalisar da za ta yi wa masu maganin gargajiya rajista ya shafe shekaru yana kai da komowa a Majalisar Dokoki ta Ƙasa.

Lambar NAFDAC da masu talla ke nunawa a jikin kwali ita ma tana buƙatar bayani. Yawancin magungunan ganye lambar wucin gadi ake ba su, wadda ke ƙarewa da harafin L, bayan an duba cewa ba su da guba a fili. Ana kuma wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da ke jiki ba. Mai saye a kasuwar ƙauye a Maiyama, wanda wataƙila ba ya karanta Turanci, lambar kawai yake gani.

Darasin da ya fi taswira amfani

Idan akwai abin da Kebbi za ta koya daga ƙasar Sin, yana cikin yadda ta bi da gadonta ne.

A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafai da ɗaruruwan haɗe-haɗe, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawa ba su yi aiki ba. Wanda ya yi, daga wani ganye ne ɗan dangin tazargade, kuma daga gare shi aka samo sinadarin atemisinin a farkon shekarun 1970. Shi ne ƙashin bayan magungunan maleriya da ake bayarwa yau a asibitocin Jega da Maiyama, kuma shi ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Gwaji ne ya ware ganyen nan daga sauran.

A fannin ƙashi kuma, daga ƙarshen shekarun 1950 likitoci a birnin Tianjin, ciki har da Shang Tianyu, sun zauna da dabarun maɗoran gargajiya, suka haɗa ɗaurin siraran itace da hoton ƙashi na asibiti. Dokar likitancin gargajiya da ta fara aiki a Sin a watan Yulin 2017 ta buɗe hanya ga wanda ya koyi sana'a a hannun maigida ya zauna jarrabawar aiki ya karɓi lasisi.

Wannan ya shafi Aliero kai tsaye. Maɗora na da ƙwarewar da ta sa mutane ke yin tattaki zuwa wurinsu. A lokaci guda, likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa ɗaurin da ya yi tsauri har ya tare jini na daga cikin manyan dalilan yanke hannu ko ƙafa, musamman ga yara. Wani bincike da aka yi a kudancin Habasha, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa horon yini guda ga maɗora kan wannan matsala ya rage yawan gaɓoɓin da ake yankewa.

Kayan aikin na nan kusa. Akwai jami'a a Aliero, akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta jihar a Jega, ga manyan asibitoci a Birnin Kebbi da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai sa maɗori ya tura mai karaya a ɗauki hoton ƙashi kafin ɗori, ya gane alamar yatsun da suka fara sanyi ko baƙi, ya kuma san karayar da ta fi ƙarfin hannu, kamar wadda ƙashi ya fasa fata ya fito. Irin wannan tsari ne zai sa wanzami ya riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, kuma a tambayi mai na'urar gano cututtuka takardar shaidarsa kafin ya shimfiɗa tebur a kasuwa.

Kafin hukumomi su kai ga haka, ƙa'idar da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ce. Tausa da danna gurabe na iya rage gajiyar baya ko tashin zuciya, kuma babu laifi a gwada su. Amma zazzaɓi da riƙewar wuya, ko ciwon ƙirji, ko mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko zubar jini ga mai ciki, asibiti ake kai su nan take. Wanda likita ya ɗora kan maganin hawan jini ko na suga kuma kada ya ajiye shi saboda wani bidiyo.

Lokacin sanƙarau a Arewa na farawa ne da hunturu ya kai har zafin bazara, wato daga Disamba zuwa Yuni. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'o'i biyar na cutar, a watan Maris na 2024. A cikin dukkan alluran da ake magana a kansu, wannan ce iyaye a Jega da Aliero da Maiyama ya kamata su fara tambaya a asibitin da ke kusa da su.